Akuya a Tsakar Gidan Haya: Haƙƙin Wa Za a Fara Dubawa?

Wata safiya da kaka, a wani gidan haya mai ɗaki huɗu a Karkarna, hedkwatar ƙaramar hukumar 'Yankwashi, akuya ta tsinke igiya. Kafin mai ita ta fito daga madafa, ta riga ta kai baki kan geron da maƙwabciya ta surfa ta wanke ta shanya a tabarma. Ta ci na ci, ta tattake saura. Ina zaune a gidan a lokacin, ɗakina ne na ƙarshe kusa da rijiya. Mai geron ta fito ta tsaya ta riƙe haɓa, ta ce, "Amarya, yau kuma tuwon darenmu ne. Jiya zanen goyo, shekaranjiya sabulu." Amarya ta durƙusa tana tattara geron da hannu tana cewa, "Don Allah Yaya ki yi haƙuri, zan auna miki wani." Da la'asar mai gidan ya zo, dattijo ne mai sanyin hali. Ya tsaya a zaure ya sa aka kira mijin Amarya, ya ce masa, "Malam, ni mutane na ba haya, ban ba dabbobi ba. Nan da Juma'a ka san inda za ka kai ta."

Kowa a cikinsu yana da gaskiyarsa. Mai gero an ci mata abincin 'ya'yanta. Mai gida yana kallon gindin katangarsa yana zaizayewa daidai inda fitsari ke kwanciya. Ita kuwa Amarya, akuyar nan ce kaɗai dukiyar da ta taho da ita daga gidansu, mahaifiyarta ce ta ba ta, kuma da kuɗin ɗan da ta haifa aka sayi maganin yaro da ya kwanta zazzaɓi. Abin da ya haɗa su faɗa guda ne: ranar da aka biya kuɗin haya aka karɓi mukulli, babu wanda ya ta da zancen akuya. An yi maganar wata nawa za a biya, da kuɗin wuta, da wanda zai yashe masai in ya cika, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha aka watse.

Irin wannan rigima tana yawaita a Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, kuma ta cancanci a zauna a dube ta daga tushe, domin a cikinta akwai dukiya, akwai lafiya, akwai addini, akwai kuma zuciyar mutum.

Gida ya ƙanƙance, kiwo bai ragu ba

Haya baƙuwa ce a ƙauyukanmu. A da, in baƙo ya sauka gari, mai unguwa ko wani mai hali ne zai ba shi ɗaki, ya zauna har ya samu fili ya kafa nasa. Gidan gado kuwa yana da faɗi. Akwai sashen kowane magidanci, akwai rumbu, a can baya kuma ga turke, ga akurki, ga inda ake tara taki har bazara a kwashe a kai gona. Dabba tana da mazauninta tun ranar da aka zana gidan.

Abubuwa sun sauya tun da aka ƙirƙiro jihar Jigawa daga tsohuwar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Sakatariyoyi da makarantu da asibitoci suka jawo ma'aikata daga wasu garuruwa. Kazaure ta cika da ɗalibai da malamai saboda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar koyon kwamfuta ta jiha. Ɓaɓura ta samu jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Ga 'yan sanda, ga malaman asibiti, ga masu bautar ƙasa, ga kuma 'ya'yan gari da gidan gado ya yi wa kaɗan suka fita neman ɗaki. Masu kuɗi suka amsa wannan buƙata da jerin ɗakuna, ko ciki da falo, a kan fili ɗan ƙarami, aka malale tsakar gida da siminti, aka bar madafa ɗaya da banɗaki ɗaya ga iyali uku ko huɗu.

Maginin ya lissafa mutane, bai lissafa abin da mutane ke tafe da shi ba. Matar da ta tashi a gidan da ba a taɓa rasa tunkiya a turke ba, ba za ta bar kiwo don mijinta ya kama haya ba. Ɗabi'ar da ta ginu a gida mai faɗi ita ce ta shigo gida mai ƙunci, shi ya sa take gogar kowa.

Abin da dabba take nufi a gidanmu

A ƙasashen Turawa, in ana zancen dabba a gidan haya, kare da kyanwa ake nufi, waɗanda ake ajiyewa don sha'awa. A wurinmu zancen ya fi haka nauyi. Akuya asusun mace ce. Cikinta wata biyar ne, sau da yawa tagwaye take haifa, kuma ranar da larura ta taso ana iya ja ta kasuwa da safe a dawo da kuɗi kafin azahar. Da ita ake kayan ɗakin 'ya, da ita ake zubin adashi in hannu ya yi sanyi, da ita ake sayen magani. Jar akuyar nan tamu, wadda ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, fatarta ta yi suna har ƙetaren hamada tun zamanin fatake. Rago kuwa jari ne mai lokaci: a saye shi ramamme wata uku ko huɗu kafin babbar salla, a ɗaure a ba shi dusa da harawa da ƙowa, a sayar wa masu layya ko a kai manyan kasuwanni irin ta Maigatari. Gwamnatin jiha ma ta shaida haka, domin a zamanin Gwamna Badaru Abubakar, wanda ɗan Ɓaɓura ne, an raba wa mata awaki su yi kiwo su dogara da kansu. Saboda haka mai gidan da ya ce "ba na son kiwo a gidana" ya sani cewa ƙofar sana'a yake rufe wa matar da wataƙila ba ta fita kasuwa.

Bayan waɗannan akwai kaji da zabi da agwagi. Akwai tantabarun samari, waɗanda yaro zai hana kansa kuɗin tara ya saya musu dawa. Akwai kyanwa mai maganin ɓera. Akwai karen gadi da na farauta, akwai aku da kanari a keji. Kuskuren farko da ake yi shi ne a haɗa su duka a buhu ɗaya, a ce ko dai an yarda da dabba ko an hana. Kanari a keji da bunsuru a tsakar gida ba su da abin da ya haɗa su sai numfashi. Kowace dabba sai an auna ta da irin ɗawainiyar da take ɗora wa gida da mutanen cikinsa.

Inda cutarwa take

Kukan mai gida ba son zuciya ba ne. Fitsarin dabba yana cin gindin katangar ƙasa, yana kuma ɓata siminti. Akuya tana goga jiki da bango, tana gwaguyar zana da ƙyaure, tana cinye ɗan itacen da aka dasa. Kashi da ragowar harawa suna toshe makwarara, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ka ga tsakar gida ta koma kududdufi. Idan ɗan haya ya tashi, sabon mai nema zai shigo ya shaƙi iska sau ɗaya ya juya.

Na maƙwabta ya fi wannan kusa da jiki. Su ne ke shanya a inda dabba ke yawo, su ne jaririnsu ke rarrafe a ƙasa. Da damina wari da ƙudaje ba sa tambayar ɗakin wa za su shiga. Turken da ke kusa da rijiya hatsari ne ga duk mai shan ruwanta. Harawar da aka jibge a gefen madafa ko kan rufi, tartsatsi ɗaya take jira a lokacin hunturu. Ragon da ya ƙoshi yana iya tunkuyar yaro ya karya shi. Kaji ma ba abin rainawa ba ne, domin tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006, a wata gona a jihar Kaduna, likitoci ke gargaɗi a kan kwana ɗaki ɗaya da su ko barin yara su yi wasa da wadda ta mutu.

Na kare shi ne mafi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Kimanin huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira. Amma ana iya tare shi tun daga nesa: a yi wa kare allurar rigakafi, irin wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato take sarrafawa, in kuma cizo ya auku a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Duk wanda zai ajiye kare a gidan da 'ya'yan wasu ke wasa, wannan allura bashi ce a wuyansa.

Abin da malamai suka riga suka shimfiɗa

Ba mu rasa ma'auni ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, daga Risala har Tuhfa da alƙalai ke riƙe da ita, ya ɗauki haya a matsayin sayen amfanin gida na wani lokaci. Ɗan haya yana amfani da gidan gwargwadon sharaɗin da aka yi, inda ba a yi sharaɗi ba kuma sai a koma ga al'adar garin. Gidan amana ne a hannunsa. Abin da ya tsufa don kansa ba a bin sa, abin da ya lalace saboda sakacinsa ko wuce iyakarsa shi zai gyara. A saman wannan duka akwai ƙa'idar da kowane ɗalibi ya sani, cewa ba a yarda mutum ya cutar ba, ba a kuma yarda a cutar da shi ba.

A kan ɓarnar dabba ma akwai hukunci tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai aka hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, abin da dabba ta ɓata da dare kuwa mai ita zai biya. Suratul Anbiya ma ta ba da labarin shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana suka yi a kan tumakin da suka yi kiwon dare a shukar wasu. Mu kanmu muna aiki da irin wannan kowace shekara: da an yi shuka, dagaci zai sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa har a kawar da amfanin gona, wadda aka kama tana ɓarna a kai ta ƙofar mai unguwa, a ƙiyasta abin da ta ci a biya. Tsarin da ya kare gona zai iya kare tabarmar shanya. Tsakar gidan haya kuwa ba daji ba ce da za a ce mai gero ya tsaya gadi, wuri ne na kowa, don haka nauyin ɗauri yana kan mai dabba dare da rana.

Game da kyanwa, hadisi ya nuna ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakanin mutanen gida, kuma kowa ya san inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. Game da kare, Malikiyya ba sa ɗaukar jikinsa najasa muddin yana raye, amma an yi hani ga ajiye shi sai don kiwo ko gona ko farauta, kuma Risala ta tafi a kan haka. Duk da haka ana ruwaito cewa mai Risalar kansa, Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da ya ajiye abin da ya fi kare. Darasin a fili yake: buƙata ta gaskiya tana da gurbi, sha'awa kawai kuwa ba ta isa a tsorata maƙwabci ko a hana shi shimfiɗa abin sallarsa cikin natsuwa ba.

Akwai kuma mai haƙƙi na huɗu da ba ya iya kai ƙara, wato ita dabbar. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tunkiyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya a lungun da rana ke duka tun hantsi, tana tsaye cikin fitsarinta, ita ma ana cutar da ita. Wanda ba shi da wurin da dabba za ta kwanta a inuwa, bai kamata ya ajiye ta ba ko da mai gida ya yarda.

Dabbar da ke riƙe zuciya

Akwai wani ɓangare da ba mu cika faɗa da baki ba. Ina da gwaggo da mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna Kano, matan suna gidajen aurensu. Babban ɗanta ya kama mata ɗaki a Kazaure don ta yi kusa da asibiti, ta taho da tunkiya ɗaya da kyanwa. Na sha zuwa gaishe ta na tarar tana jiƙa dusa da kanwa tana yi wa tunkiyar magana kamar mutum, tana yi mata faɗan ta zubar da ruwa. Da aka yi ƙorafin wari, ɗan ya ga sauƙi shi ne ya sayar da tunkiyar ya riƙa aiko mata kuɗi. Aka sayar da ita. Bayan mako uku na koma na same ta kwance da hantsi, ko tsakar ɗaki ba ta share ba. Na ce, "Gwaggo, jikin ne?" Ta ce, "Ɗan nan, lafiyata ƙalau. To in na tashi, wa zan tashi dominsa?"

Ba ribar tunkiyar ta rasa ba. Ta rasa abin da ke kiranta da asuba, abin da ke buƙatarta. Addininmu bai raina wannan ba. Anas ɗan Malik ya ba da labarin ƙanensa Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah da kansa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun don ya sanyaya masa rai. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, da mai ciwon damuwa, da yaron da ba ya iya cuɗanya da sa'o'insa amma yana sakin jiki da tantabarunsa, duk suna cikin wannan sahu. Dabba ba ta maye gurbin likita, kuma mutanen wannan yanki suna da asibitin masu taɓin hankali a nan Kazaure, wanda bai kamata a ji kunyar zuwansa ba. Amma tana cikin abin da ke taimaka wa mutum ya riƙe kansa.

Wasu ƙasashe sun sa wannan a doka. A Amurka, dokar adalci a harkar gidaje ta 1968, wadda aka faɗaɗa a 1988 ta haɗa da naƙasassu, ta wajabta wa mai gida ya sassauta sharuɗɗansa ga mai larura. A ƙarƙashinta, wanda ke da shaidar likita cewa dabba tana rage masa ciwon damuwa ko na ƙwaƙwalwa yana iya zama da ita ko a gidan da aka hana dabbobi, amma in ta yi ɓarna zai biya, in kuma tana da hatsari ga mutane ana iya ƙin ta. Dokar ta keɓe ƙaramin gida wanda bai wuce sashe huɗu ba in mai shi yana zaune a ciki, wato su ma sun gane cewa zaman kusa yana da nasa hukunci. Sai dai da aka rataya komai a kan takarda, takardar ta zama haja, ana sayenta a intanet ba tare da ganin likita ido da ido ba. A 2018 wata mata ta je filin jirgin sama da ɗawisu ta ce abokin rarrashinta ne, aka hana ta shiga da shi. Daga farkon 2021 aka daina tilasta wa kamfanonin jirage karɓar irin waɗannan dabbobi, jihar Kalifoniya kuma ta shar'anta cewa sai ma'aikacin lafiya ya san mutum na kwana 30 kafin ya rubuta masa shaidar kare.

Faransa ta bi wata hanya tun 1970: sharaɗin hana dabbar gida a yarjejeniyar haya ba shi da ƙarfi, muddin dabbar ba ta ɓata gini ba kuma ba ta dami mazauna ba. Ingila ta yi doka a 2025 da ta ba ɗan haya damar neman izini, ta kuma hana mai gida ƙi ba tare da dalili mai ma'ana ba. Waɗannan biyu sun fi kusa da abin da malamanmu suka koyar, domin cutarwa suka sa a ma'auni. A garin da mai unguwa ya san kowa da uwarsa da ubansa, ba ma buƙatar takardar da za ta tabbatar cewa tsohuwa tana cikin kaɗaici. Ido ya isa shaida, abin da ya rage shi ne tausayi.

Maganar ranar karɓar mukulli

Gyaran yana farawa ne daga tambaya ɗaya da dillali ko mai gida zai yi kafin kuɗi su shiga hannu: "Kuna da kiwo?" Ɗan haya kuma ya faɗi gaskiya, kada ya shigo da kaya da rana ya shigo da awaki bayan isha. Idan akwai, sai a yanke magana a kan abubuwa sanannu: wace irin dabba ce, guda nawa, in ta haihu har yaushe 'ya'yan za su zauna, ina za a kafa turke, wa zai share kuma sau nawa, ina za a ajiye harawa, wa zai gyara bango ranar tashi. In kare ne, a ga shaidar allura, a kuma amince cewa yana ɗaure da rana. A rubuta wannan ko da layi biyar ne, da boko ko da ajami, a gaban shaidu biyu. In gidan na tarayya ne, a tambayi waɗanda aka tarar a ciki, domin su za su zauna da abin, mai gida yana can nasa gidan.

Masu gina gidajen haya su ma su duba garin da suke gini. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya ba Bahaushiya ɗaki a Roni ko Gwiwa ya san kiwo zai biyo baya. Ɗan lungu a bayan gida, nesa da rijiya da madafa, a bar shi ba siminti a zuba yashi, a yi masa rumfa da ƙyaure, ba zai ci kuɗin ɗaki guda ba, kuma zai sa gidan ya fi farin jini. Takin da ke taruwa a wurin ma dukiya ce a wannan zamani na tsadar takin zamani, ana iya shirya cewa na mai gida ne a madadin wurin da ya bayar.

Inda gida ya yi ƙunci ƙwarai, hani yana da hujja, kuma al'adarmu ta tanadi mafita: a ba da kiwo a ƙauye wurin ɗan'uwa ko amini, a yi yarjejeniyar yadda za a raba abin da aka haifa. Idan kuma zama ya riga ya yi nisa sannan matsala ta taso, a ba da wa'adi mai ma'ana. Wanda aka ce ya fitar da rago cikin kwana uku, asara aka tura shi, domin duk dillalin da ya ga gaggawa a fuskarsa zai karya farashi. A bari a kai salla, ko akuya ta sauke cikinta. Ga mai rauni kuwa, irin gwaggona, a nemi hanyar rage cutarwar kafin a taɓa dabbar: a matsar da turke, a sa wani yaro shara da ɗebe kashi kullum, a rage yawa zuwa guda. Limamai su taɓo wannan a wa'azin haƙƙin maƙwabtaka, malaman dabbobi na ƙananan hukumomi kuma su riƙa shiga unguwannin haya in sun fito rigakafi, kada su tsaya a rugage kaɗai.

A gidanmu na Karkarna, limamin unguwa ne ya shiga tsakani kafin Juma'ar ta zo. Aka zaga bayan gida aka ga ɗan fili tsakanin katanga da wata bishiyar darbejiya. Mijin Amarya ya kafa dirkoki ya kewaye da zana, ya sayo sabuwar igiya, aka ce taki na mai gida ne, Amarya ta auna gero ta mayar. Zaman bai kai awa ɗaya ba. Amma matan biyu sun kusa wata biyu ba sa haɗa ido a bakin rijiya, yaransu ma aka hana su cin abinci a kwano ɗaya, sai da haihuwa ta zo gidan sannan zumunci ya dawo. Filin nan yana wurin tun ranar da aka gina gidan, darbejiyar ma tana wurin. Da an yi tambayar a zaure ranar da aka miƙa mukulli, da ba a kai ga wata biyun nan ba.